Jan ƙaramar tirelar kwana da motar da ta kusa iyakarta: lissafin da ke gaban Hawan Kibo

A ƙarshen daminar da ta wuce ƙanina ya kira ni gidansa da ke Kubwa domin in ga abin da ya saya, wato ƙaramar tirela mai ɗakin kwana, irin wadda ake maƙala wa mota ta baya, mai gado biyu da ɗan wurin girki. Yana da gonar dankali a wajen Jos, kuma burinsa shi ne ya riƙa kwana a bakin gonar lokacin haƙa, idan yara sun sami hutu kuma ya tafi da su. Motar da zai ja ta da ita Toyota Sienna ce 'yar Kwatano. Da na tsaya ina duban bayan motar, sai ya ce, “Yaya, kada ka damu, littafin motar ya ce tana jan laba 3,500, wato kusan kilo 1,590, tirelar kuwa kilo 1,050 ce kacal.” Bakaniken da ya ɗaura masa ƙugiyar jan tirela a bayan motar ma ya ƙara masa ƙarfin gwiwa da cewa, “Alhaji, injin nan ko gida ka ɗaura masa zai ja.” Dukansu biyu ba ƙarya suka yi ba, amma dukansu sun amsa tambayar da ta fi sauƙi, suka bar masu wuyar a baya.

Mota ba iyaka ɗaya gare ta ba. Akwai iyakar abin da za ta ja, wadda ita ce ake tallatawa kuma ita kowa yake haddacewa. Akwai iyakar nauyin motar kanta idan an cika ta da mutane da kaya da mai. Akwai iyakar abin da ƙafar gaba za ta ɗauka da abin da ƙafar baya za ta ɗauka, kowace da tata. Akwai iyakar nauyin da zai danna kan ƙwallon ƙugiya, sannan akwai iyakar jimillar mota da tirela a haɗe. Wanda ya ƙetare ɗaya daga cikinsu ya yi lodin da ya wuce kima, ko da sauran huɗun suna da sarari. A ƙananan motocin iyali kuwa, wadda takan fara ƙarewa ita ce ta kayan da motar ke ɗauka a jikinta, tun kafin a je kusa da babbar lambar nan ta ja.

Duk waɗannan lambobi a rubuce suke a jikin motar, ba sai an tambayi kowa ba. Idan motar daga Amurka ta fito, a buɗe ƙofar direba a dubi ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa, za a ga takardar da ta faɗi iskar taya, ta kuma faɗi nauyin da mutane da kaya a haɗe bai kamata su wuce ba. Idan daga Turai ta fito, akwai ɗan allo mai lambobi huɗu a jere: na farko iyakar nauyin motar da lodinta, na biyu iyakar mota da tirela tare, na uku ƙafar gaba, na huɗu ƙafar baya. Na sha ganin motocin da mai fenti ya shafe wannan takarda ko ya ɓare ta, kuma duk wanda zai kai mota fenti ya kamata ya ɗauki hotonta da waya tukuna.

Yana da kyau a san yadda ake samar da babbar lambar, domin sanin hakan shi ke rage wa mutum yarda da ita ido rufe. A Amurka akwai ƙa'idar gwaji da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar mai suna J2807, wadda manyan kamfanonin ƙasar suka koma aiki da ita sosai a wajajen 2015. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta shi ne hawan Davis Dam a jihar Arizona, hanya mai tsawon kusan kilomita 18 da ke hawa kimanin mita 900, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne har ƙarshe. Gwaji ne mai tsanani, amma abin lura shi ne mutum biyu kawai ake lissafawa a cikin motar, kowannensu kilo 68, babu yara, babu buhun shinkafa, babu akwatuna. Kafin wannan ƙa'ida ma kamfanoni da dama direba kaɗai suke sakawa a lissafi. Kuma motar da aka gwada sabuwa ce fil, lagiretonta bai taɓa toshewa ba, man giyarta bai taɓa ƙonewa ba. Motar da ta shekara goma sha biyar a titi, ta ƙetare teku, ta sha ramukan Nyanya da Mararaba, lambar da ke littafinta ba ta canza ba, amma jikinta ya canza.

Wani tarkon kuma shi ne mota iri ɗaya takan zo da lamba biyu. Toyota Highlander mai silinda shida ta shekarun 2008 zuwa 2013 tana jan laba 5,000 idan ta fito daga kamfani da kayan ja, waɗanda suka haɗa da lagireto mai ƙarfi da abin sanyaya man inji da na giya. Idan babu su, laba 2,000 ce iyakarta. Daga waje ba a bambanta su. Mai saye ya ga babbar lambar a intanet ya ɗauka tasa ce, alhali abin da motarsa za ta ja bai kai rabin haka ba.

Mu koma kan tirelar ƙanina, domin a nan ne lissafin yake fitowa fili. Kilo 1,050 da aka faɗa masa nauyinta ne babu komai a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan. Batirin sola babba yakan kai kilo 60. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan a cike take, da ƙarfenta, tana kaiwa kimanin kilo 25. Ƙaramin janareto da mansa a ce kilo 45, katifu da tukwane da abinci da sutura kuma a ce kilo 120. Tirelar ta zama kilo 1,400. Har yanzu tana ƙasa da 1,590, kuma a nan mafi yawan mutane suke rufe littafi su tada mota.

Sai dai tirela ba ja kawai ake yi mata ba, ɗaukar wani ɓangare nata ake yi. Wuyanta yana danna ƙugiyar motar, kuma tirelolin ƙirar Amurka ana so wannan danni ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsu. A tirela mai kilo 1,400, kashi 11 ya kama kusan kilo 155, wanda ya riga ya goga kafaɗa da iyakar laba 350 da aka sa wa ƙugiyar irin wannan mota. Wannan kilo 155 daga kason kayan motar ake cire shi, kamar dai mutum biyu ne suka zauna a kan bambar baya. Mu ƙaddara takardar ƙofa ta ce kilo 550. A cire 155, a cire kilo 20 na ƙarfen ƙugiyar kanta, saura 375. Direba mai kilo 85, mai ɗakinsa mai 75, wani babba guda mai 75, yara uku da suka haɗa 105, jimilla 340. Abin da ya rage wa kaya a cikin motar kilo 35 ne, ko buhun shinkafa ɗaya bai kai ba. Ke nan motar da a takarda take da sararin kusan kilo 190 na ja, a zahiri ta riga ta cika maƙil tun ba a sa akwati ko ɗaya a but ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Ƙwallon ƙugiya ba a kan tayoyin baya yake ba, yana can bayansu da fiye da mita ɗaya, saboda haka yana aiki ne kamar sandan da ake ɓamɓare dutse da shi, tayoyin baya su ne matokarinsa. Idan tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 ne, ƙwallon kuma yana mita 1.2 bayan tayar baya, to kilo 155 da aka ɗora masa zai zama kusan kilo 217 a kan ƙafar baya, ya kuma ɗauke kusan kilo 62 daga ƙafar gaba. Sienna da yawancin motocin iyali da ƙafar gaba suke tafiya, da ita suke juyawa, kuma ita ke yin mafi yawan aikin birki. Duk kilon da aka ɗauke mata ragin riƙon titi ne. Alamarsa a bayyane take: bayan mota ya durƙusa, hancinta ya ɗaga, fitila ta koma haska idon masu tahowa, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Wasu sukan je a ƙara musu sifirin ko a sa shokozoba mai tauri, motar ta miƙe tsaye, hankalinsu ya kwanta. Ƙarin sifirin yana gyara tsayuwar mota ne kawai, ba ya ƙara wa taya ko birki ko shasi ƙarfin da ba su da shi.

Mai hankali zai ce to a mayar da kayan tirelar baya mana, wuyanta ya yi sauƙi. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace hatsari, kuma ina so a tsaya a kanta. Tirelar da nauyinta ya koma bayan tayoyinta tana da wani gudu wanda idan aka kai shi, ƙaramin abu ya isa ya sa ta fara lilo hagu da dama: iskar tankar mai da ta wuce ka tsakanin Keffi da Akwanga, ko ramin da ka kauce wa, ko gefen kwalta da ya zaizaye. Ƙasa da wannan gudu lilon yakan mutu da kansa bayan kaɗawa ɗaya ko biyu. Sama da shi kuwa kowace kaɗawa tana fin ta baya girma, har tirelar ta fara jan bayan motar, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan direba ya zama ɗan kallo. Ƙara nauyi a wuya yana ɗaga wannan gudu na hatsari, mayar da nauyi baya yana sauko da shi. Shi ya sa ake cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan tirela su zauna gaban tayoyinta, masu nauyin cikinsu a ƙasa kuma kusa da tayoyin, a ɗaure su yadda ba za su zame ba. Mai motar da ta kusa iyakarta a matse yake ta ɓangare biyu: ya ƙara wa wuya nauyi ƙafar baya ta wuce kima, ya rage masa tirela ta yi lilo. Mafita ɗaya ce, a rage jimillar kayan, a kuma rage gudu.

Idan lilon ya fara, abin da jiki ke so ya yi, wato taka birki da ƙarfi da murza sitiyari don a gyara, shi ke ƙarasa kifar da mota. A riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar gudun ya sauka da kansa. Wanda tirelarsa ke da birkin lantarki yana iya matsa nata birkin shi kaɗai da hannu, ta ja baya ta miƙe. Bayan an tsira kuma a tsaya a sake tsarin kayan, domin abin da ya jawo lilon yana nan.

A nan ƙasarmu akwai wata matsala da ba kasafai littattafan motoci ke hango ta ba, ita ce haɗa kayan Amurka da na Turai. Turawan Turai suna ƙera tirelolinsu da wuya mai sauƙi, sau da yawa kashi 4 zuwa 7 cikin 100, amma suna biyan wannan sauƙi da ƙarancin gudu: a Jamus kilomita 80 ne a sa'a ga mai jan tirela sai in ya sami izini na musamman na 100, a Ingila kuma mil 50 a hanya mai hannu ɗaya, mil 60 a babbar hanya. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan tireloli a Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada tirelarsa da lodinta ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar babu kaya. Wanda ya ɗauki sauƙin wuyan Turai ya haɗa da gudun Amurka ya tsinci mafi munin kowane ɓangare. Hatta ƙwallon ƙugiya ba ɗaya ba ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci 1 da bakwai bisa takwas, kusan milimita 47.6. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, domin bambancin milimita biyu ko uku ba ya ganuwa, amma ya isa bakin tirela ya kwance daga ƙwallon a kan rami. Girman yana rubuce a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar, a karanta a gwada. Ƙugiyar da mai walda ya ƙera ya liƙa a bamba kuwa ba ta da wata lamba da za a dogara da ita ko kaɗan. Ta ƙwarai da kusoshi ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, kuma sarƙoƙin tsaro biyu a gicciye suke wucewa ƙarƙashin wuyan tirela domin su tallabe shi idan ya kuɓuce.

Sai hanyar kanta. Daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga da Gwantu tafiya ce ta kusan kilomita 300, kuma Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, wato ta fi Abuja tudu da ɗaruruwan mitoci, kuma babban rabon wannan hawa a dunƙule yake a Hawan Kibo, kafin a isa Riyom. Injin fetur marar turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska tana sirancewa, har kamfanin Ford yana ba masu ja shawarar su rage kashi 2 cikin 100 na nauyi a duk ƙafa 1,000 na tudu. A kan Filato ke nan injin ya bar fiye da kashi 10 na ƙarfin da aka auna masa a bakin teku. A hawa, giyar otomatik ce ke fara shan wuya, domin tana ta sauyawa sama da ƙasa tana dafa manta, kuma yawancin motocin nan ba su da allurar da ke nuna zafin man giya. Maganinsa a riƙe ta da hannu a ƙaramar giya, a bar injin ya yi ƙara, a kashe na'urar sanyi idan allurar zafi ta fara motsi.

Duk da haka hawa ba ya tsorata ni kamar sauka. Motar da ta gaza a hawa tsayawa take yi, a sa mata waigi a jira ta huce. Wadda ta gaza a gangara ba ta tsayawa. Birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu zafi, kuma mota da tirela masu jimillar tan 3.8, a duk mita 100 da suka sauko, suna sakin ƙarfin da zai iya kai lita goma sha biyu ta ruwa ga tafasa. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman Kibo har ƙasa, mafi yawan wannan zafi a fayafayan birki huɗu yake taruwa. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma yana shan danshin iska a hankali, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa a digiri 140. Da zarar ya tafasa, ƙafa takan nutse har ƙasa babu abin da ya kama. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin hawan, wajen Assop, ya san warin ƙonannen birkin manyan motoci da ke tashi a wurin. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa tirelar da ta haura laba 1,000, kusan kilo 450, sai tana da birkinta, a Turai kuma doka ba ta yarda a ja tirela marar birki da ta wuce kilo 750 ba. Tirelolin Turai birkinsu da kansa yake kamawa idan tirelar ta turo motar, abin da ke nufin a doguwar gangara yana iya kamawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi zafi; na Amurka kuwa galibi na lantarki ne, kuma idan ba a haɗa wa motar na'urar da ke sarrafa shi ba, tamkar babu shi ne. A ganina duk wanda zai sauko Kibo da tirela mai kilo 1,400 marar birki mai aiki, bai kamata ya tada motar ba sam, komai ƙwarewarsa. Wanda birkinsa ke aiki kuma ya sa ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, ya bar inji ya riƙe motar, ya taka birki da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci ya sake shi ya huce, maimakon ya riƙa goga shi.

Taya ba ta bukatar dogon bayani. A gefenta akwai lambar nauyi, misali 100 tana nufin kilo 800, 104 kuma kilo 900, kuma ba ta kai wannan ƙarfi sai da cikakkiyar iska da aka auna tana sanyi. Lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu. Tayar tirelar kwana takan tsufa a tsaye, zanenta kamar sabo alhali gefenta ya tsattsage.

Abin da na roƙi ƙanina ya yi bai wuce awo ba. Akwai sikelin manyan motoci a wuraren fasa dutse da kamfanonin abincin kaji da wajen masu sayen ƙarafa, kuma da ɗan abin hasafi sukan bari a hau. Ya loda tirelar kamar ranar tafiya, ya cika tanki, ya ɗauki iyalinsa, aka auna mota da tirela tare, aka auna motar ita kaɗai tana maƙale da tirelar, sannan aka auna ƙafar baya daban. Nauyin wuyan kuma a tsakar gida muka auna shi da sikelin awon mutum: muka shimfiɗa katako mai kauri, gefe ɗaya a kan bulo, ɗaya gefen a kan sikeli, muka sauke wuyan a daidai tsakiyarsa a tsayin da yake zama a jikin mota, muka ninka abin da sikelin ya nuna sau biyu. Ƙafar bayan motarsa ta wuce abin da aka rubuta mata, kamar yadda na zata. Ya yi shiru yana duban takardar awon, can ya ce, “Yaya, ashe da yaran nan zan hau Kibo a haka.”

Ya zubar da ruwan jarkokin ya bar su babu komai sai ya isa Jos ya cika, ya bar janareton tunda akwai batiri, ya canza man birki da man giya, aka haɗa masa na'urar birkin tirela aka gwada ta a filin da babu motoci. Iyalinsa suka bi wata mota, shi da yaron gonarsa kawai suka shiga Sienna. Sun tashi bayan sallar asuba domin su hau Kibo kafin rana ta yi zafi, bai wuce kilomita 70 a sa'a ba ko a miƙaƙƙiyar hanya, kuma a dawowa ya tsaya a gindin gangarar ya zagaya tayoyin shida ɗaya bayan ɗaya, yana kusantar da bayan hannunsa ga kowace don ya ji wadda zafinta ya fi na sauran.